Yadda Ake Dafa Giyar Hatsi A Cikin Jaka A Gida, Ga Mai Farawa A Legas

Ni dai a gindin tukunyar burkutu na tashi. Mama tana dafawa a ƙauyenmu can bayan Kafanchan, daga ranar da ta jiƙa dawa zuwa ranar kasuwa kusan sati guda tana fama, mu yara aikinmu ɗebo ruwa da korar kaji daga kan tsiro. To da na fara ganin wannan hanya da ake ce wa BIAB a nan Legas, wato dafa giya a cikin jaka, dariya na yi, don aikin Mama ne sak, kawai jakar ce ta tsaya a madadin rariya, sai kuma ma'aunin zafi a madadin yatsa. A Ostareliya aka fara yayata ta, kuma abin da ya sa ta dace da mu shi ne tukunya ɗaya tak take buƙata, wanda ke zaune a ɗaki da falo a Agege ko Ojo ya san ba shi da wurin jera tukwane uku.

Kafin wani ya zo min da wa'azi, na san da yawa cikin 'yan uwa da muke Hausa tare addini bai ba su damar sha ba, kuma na girmama hakan. In kana cikinsu ka tsaya a wurin tafasawa kar ka zuba yis, ka sanyaya ka sa a firij ka shanye cikin kwana biyu, ruwan malt ne mai zaƙi babu maye a ciki, malt kuwa shi ne hatsin da aka tsirar aka busar.

Mu fara da kaya. Tukunya mai cin lita 25, irin ta masu dafa shinkafar biki, ko ta alminiyom ce ba komai. Lita 20 ma za ta yi amma za ka yi ta tsoron ambaliya. Jaka kuma kar ka ɓata kuɗi wajen oda, ka shiga kasuwar Balogun ko Yaba ka yanki yadin labule mai shara-shara ɗin nan na roba, fari, yadi ɗaya da rabi, ka kai wa tela da tukunyar gaba ɗaya ka ce ya ɗinka jakar da tukunyar za ta shige ciki, ɗinki biyu, da zariya a baki. In tukunya ta shiga jaka to jaka za ta zauna cikin tukunya da sarari. Kar ka sa buhun shinkafa ko na taki dan Allah. Sai ma'aunin zafi na kicin, wannan kam ba a yi ba shi, sai sikeli ƙarami mai auna giram, muciya, tsohon bargo, bokitin roba sabo mai murfi wanda bai taɓa ganin omo ko manja ba, tiyo siriri mita biyu, da gorunan lemo na roba wankakku. Haidiromita, wato abin auna yawan sugan da ke cikin ruwa, in ka samu ka saya, za ka ga amfaninta a gaba.

Lissafin da zan ba ka na lita 10 ne, kar ka fara da ya fi haka. Malt na sha'ir kilo 2.5, wanda ake ce wa pale malt, ruwa lita 15, hops giram 25, wato furen wani tsiro da ke ba giya ɗaci da ƙanshi, yis fakiti ɗaya mai giram 11.

Malt ɗin ne wahala. Ba a noman sha'ir sosai a ƙasar nan, sai dai ka yi oda ta intanet ko wani mai dawowa daga tafiya ya riƙo maka. Ai ko manyan kamfanoni sun sha wannan, a 1988 gwamnati ta hana shigo da malt na sha'ir, dole suka koma kan dawa da masara, shi ya sa har yau dawar Arewa take shiga giyar kwalba da su Maltina. Zan zo kan dawa a ƙasa, amma karon farko ka yi da sha'ir, don ka koyi aikin ba tare da hatsin ya yi maka gardama ba. In bai zo a ɓarje ba ka kai inji ka tsaya a kan mai injin, ka ce ɓarzawa kake so ba niƙa ba, kuma ya wanke injin tukuna, in ba haka ba giyarka za ta fito da ƙanshin tattasai da egusi. A wannan hanyar ko ya ɗan yi laushi ba matsala, jaka za ta riƙe.

Ruwa kuma, in rijiyar burtsatsen unguwarku tana da gishiri-gishiri ko tana jan bokiti kamar yadda ake fama a wajen Ajah, bar ta. Sayi babbar gorar ruwan dispensa ɗin nan mai lita 18.9, guda ɗaya ta ishe ka. Ruwan da ke warin kulorin yana sa giya ta yi ɗanɗanon magani.

To ranar dahuwa, ka ware awa biyar, ranar Asabar ta fi. Zuba lita 15 a tukunya ka kunna gas, ka kai shi digiri 69 sai ka kashe wuta. Sa jaka a ciki ka naɗe bakinta a bakin tukunya, sai ka riƙa zuba malt a hankali kana juyawa da muciya kamar mai talge, kar ka bari ya yi gudaji. Hatsin zai sauke zafin zuwa wajen 66, nan ake so. Rufe, naɗe tukunyar da bargo, ka duba agogo, minti 60.

Bari in ɗan tsaya a nan don nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne masu gaggawa suke faɗuwa. Hatsin da ya tsira yana da wasu sinadarai a cikinsa da ake kira enzayim, su ne suke farfasa sitaci ya koma suga, yis kuma suga kaɗai yake ci, ba ya cin sitaci. Guda biyu ne manya. Ɗaya ya fi aiki a ƙasa-ƙasa wajen 62 zuwa 65, shi ke ba da sugan da yis zai cinye tas giya ta fito sakayau. Ɗayan ya fi son wajen 68 zuwa 72, shi kuma yana barin abin da yis ba zai iya cinyewa ba, giya ta yi kauri da ɗan zaƙi. Shi ya sa ake tsayawa 66, kowa ya samu nasa. In ka wuce 78 ka kashe su duka, abin da ke tukunyarka ya zama koko, kuma ba gyara. Mama ba ta san sunan enzayim ba amma ta san in ruwa ya ƙona yatsa da yawa burkutun ranar ba zai yi ƙarfi ba. Abin daɗi ɗaya da zafin Legas, tukunya ba ta saurin hucewa, ni sau da yawa digiri ɗaya ko biyu kawai take sauka a awa guda. In ta sauka ƙasa da 63 ka ɗaga jakar daga gindin tukunya kafin ka kunna wuta, yadin roba ne, yana taɓa ƙarfe mai zafi zai narke. A minti 30 ka buɗe ka juya sau ɗaya ka ɗanɗana, za ka ji zaƙi ya fara fitowa alhali ba ka zuba suga ba.

Awa na cika sai ɗaga jaka. Kilo 2.5 da ya sha ruwa yana da nauyi kuma yana da zafi, ka samu wani ya kama maka, ku ɗora ta kan babban kwandon tace shinkafa a bakin tukunya ta tsiyaye. Matsa ta da murfin tukunya, matsa da kyau, wasu za su ce maka matsawa na kawo bauri, ni ban taɓa jin haka a tawa ba. Dusar kar ka zubar, mai kiwon kaji ko awaki a unguwa zai yi maka godiya, amma a ranar za ka ba shi don kafin gobe ta yi tsami ta tara ƙuda.

Yanzu kunna wuta sosai. Dab da tafasa kumfa zai taso kamar na madara, kar ka je ko'ina, rage wuta har ya kwanta. Yana fara tafasa ka zuba hops mai ɗaci giram 10, irin su Magnum, ka ƙirga minti 60, kuma tukunya a buɗe, kar ka rufe, akwai wani wari kamar na dafaffiyar masara da ake so tururi ya tafi da shi. Saura minti 5 ka zuba sauran giram 15 na ƙanshi, Cascade ya yi. Wanda aka zuba da wuri ɗaci yake bayarwa, na ƙarshe ƙanshi. Masana a ƙasar nan sun gwada shuwaka da namijin goro a madadin hops, kuma ana iya wasa da su daga baya, amma ba a tukunyar farko ba. Za ka ƙare da kusan lita 11.

Daga lokacin da ka kashe wuta, duk abin da zai taɓa ruwan nan sai an kashe masa ƙwayoyin cuta, bokiti, murfi, tiyo, cokali, almakashin da za ka yanka fakitin yis, hannunka. In ba ka da Star San, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta na masu dafa giya, bilic cokali ɗaya babba a ruwa lita 4, jiƙa minti 20, sannan ka ɗauraye sosai da tafasasshen ruwa. Burkutu da gangan ake barinsa ya yi tsami kuma a kwana biyu ake shanye shi, wannan kuwa sati uku zai zauna, ƙazanta kaɗan ta isa ta mayar da shi ruwan tsami. Rufe tukunyar ka tsoma ta cikin babban baho da ƙanƙara, bulo uku ko huɗu daga wurin masu sayarwa, kana canja ruwan in ya ɗumama.

Sai maganar yis, kuma nan Legas ta ci ni da yaƙi a karon farko. Yis ɗin da yawancin mutane suke amfani da shi, irin su US-05, yana son wajen digiri 18 zuwa 22. Ɗakina kuwa 30 ne ko 31, ga NEPA ba tabbas balle a yi maganar firij. Na zuba shi haka nan, abin da ya fito yana warin maganin goge farce, kofi ɗaya na sha kaina ya yi kwana yana sara, lita goma na tuttular a kwata ina kallo. Maganin wannan shi ne kveik, yis ɗin manoman ƙasar Nowe, nau'in Voss yana aiki lafiya daga 25 har 40, zafin da ke kashe wa wasu aiki shi a nan yake jin daɗi. Ana samunsa busasshe a fakiti. Wani amfanin kuma ba sai ka sanyaya ruwan sosai ba, yana kaiwa 35 shikenan, kuɗin ƙanƙara ya ragu. Yis ɗin burodi zai yi aiki amma ba ya kwanciya ƙasa da kyau kuma ɗanɗanon ba daɗi.

Juye ruwan cikin bokiti daga sama ya yi kumfa ya sha iska, bar lakar hops a gindin tukunya. Ɗebi kaɗan ka auna da haidiromita, ya kamata ka ga wajen 1.048, amma ka bar samfurin ya huce tukuna don a digiri 20 aka saita yawancinsu. Barbaɗa yis, rufe. Huda murfin ka cusa tiyo ka liƙe gefensa, ɗayan bakin ka tsoma cikin gorar ruwa rabi, iska za ta fita amma ba za ta shiga ba. Ajiye a lungu mai duhu. Kafin gari ya waye za ka ji gora tana ɓul-ɓul kamar mai shan shisha. Kveik kan gama cikin kwana uku ko huɗu, amma ka bar shi kwana bakwai, kuma ka daina buɗewa kana leƙe. In ka auna kwana biyu a jere lamba ba ta motsa ba, misali 1.010, ya gama. Cire 1.010 daga 1.048 ka ninka da 131, kusan kashi 5 cikin ɗari ke nan, kamar giyar kwalba.

Wajen ɗurawa, narka suga giram 60 a ruwa kofi ɗaya ka tafasa, giram 6 ke nan ga kowace lita. Ka auna da sikeli, kar ka yi da ido. Zuba a wani bokiti mai tsabta, ka zuƙo giyar da tiyo a hankali ba tare da fantsama ba ka bar lakar yis a ƙasa, juya kaɗan, ɗura a goruna ka bar sarari kamar yatsa biyu a sama. Na ce gorar roba don dalili, a tukunyata ta biyu na yi gaggawa na ɗura a kwalba tun bai gama ba, ƙarfe biyun dare kwalba ɗaya ta fashe ƙarƙashin gado, matar mai gida ta fito da gudu ta ɗauka ɓarayi ne. Gora kuwa matsawa kawai za ka yi, in ta yi tauri kamar sabon lemo gas ya shiga. Sati ɗaya zuwa biyu a zafin nan, cikin kwali don haske na ɓata hops, sannan firij kwana biyu.

Wanda ya ƙware yake son komawa kan dawa, kasuwar Mile 12 tana nan. Jiƙa kwana ɗaya kana canja ruwa, shimfiɗa ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhun algarara kwana huɗu ko biyar kana yayyafi, shanya ya bushe ƙarau, sannan ka murje saiwoyi da tsiron ka sheƙe su tas, wannan ba wasa ba ne don akwai guba a tsiron dawa. Matsalarta sitacinta ba ya narkewa sai zafi ya haura 70, inda enzayim ya fara mutuwa. Dabarar ita ce ka jiƙa garin a ruwa mai ɗumi wajen 50, ka tsiyaye ruwan sama ka ajiye, ka dafa tukar ta yi kauri, ka bar ta ta huce sannan ka mayar da ruwan ka tsaya a 65. Hanya mafi sauƙi kuwa, dawa kashi ɗaya ka dafa ta daban, sha'ir kashi biyu, enzayim ɗin sha'ir zai yi wa duka aiki.

Na gida ne wannan, in za ka sayar sai da rajistar NAFDAC, kuma kar wani ya ruɗe ka da maganar turara ta ta zama ogogoro, wannan wani aiki ne daban ba da shi nake ba. In za ka zuba, karkata gorar a hankali ka bar ɗan na gindin, yis ne ya kwanta a wurin, ba ya cutarwa amma yana sa ciki ƙugi.