Aikin ƙarshen mako ga ɗaliban ajin tatsuniya

'Yan'uwa ɗalibai, wannan makon ba karatu zan ba ku ba. Kowa ya nemo mana tatsuniya ɗaya daga bakin tsohuwa.

Ku je bayan sallar isha'i, don tsofaffinmu na Sakkwato ba su yarda a yi tatsuniya da rana ba. Ku riƙe goro ko ɗan abin sayen fura. Ku gaisa sosai, sannan ku ce, "Inna, kin yarda in ɗauki muryarki a waya?" In ta ƙi, ku saurara kawai, ku rubuta in kun koma gida.

Idan ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ku amsa "Ta zo mu ji ta," daga nan ku yi shiru. Waƙar da ke cikin labarin ita ce ta fi saurin ɓacewa, don haka ku roƙe ta ta maimaita. Wajen rubutawa kuma, in ta ce "shina", kada ku mayar da shi "yana". Sakkwatancin nake so.

Labarin Gizo da Ƙoƙi ya yi mana yawa, a nemo wani. Ku turo ta WhatsApp kafin Litinin, ranar da za mu shiga labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu ta Daura.