Yadda Za Ku Kai Warin Juji Gaban Alƙali

Shekara uku na yi ina sakataren kwamitin da unguwarmu ta kafa a kan jujin da ke bayanmu. Ba ilimi na fi kowa ba, ni ne dai malamin makarantar da ya yi ritaya, aka ce ina da lokaci kuma rubutuna na karantuwa. Wurin asalinsa kududdufi ne da aka ɗebi ƙasar gini. Wani kamfani mai kwangilar kwashe shara ya fara juye tifa a ciki, biyu a rana, sannan biyar, har muka daina ƙirga. Yanzu mutanen wasu unguwanni kan yi mini sallama suna tambayar ta ina za su fara, to ga abin da nake gaya musu.

Ranar da muka fara zuwa wurin lauya mu bakwai ne, kowa na kumfar baki. Wannan ya ce ƙuda sun hana shi shanya gari, wancan ya ce baƙi sun daina cin abinci a gidansa. Ya bari muka gama tsaf, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, na ji, kuma na yarda. Amma alƙali ba zai kwana a gidanka ba. Me za ku ajiye masa a kan tebur?" Muka kalli juna. Ba mu da ko takarda ɗaya.

Don haka aikin farko littafi ne, irin mai ganye 80 na 'yan makaranta. Ku raba wa gidaje biyar ko shida a ɓangarori daban-daban na jujin, kowa ya riƙa rubuta kwanan wata, lokaci, irin warin, tsawon da ya ɗauka, da abin da ya hana shi yi. Ga irin abin da ke cikin nawa: "Daren Talata, ƙarfe 3:40. Warin baragurbi. Mun rufe tagogi ga zafi, jikata ta tashi da tari, ba mu koma barci ba har kiran assalatu." Kada ku rubuta "kullum ana wari". Lauyan kamfani zai kama ku da rana ɗaya da ba a yi ba, ya rushe sauran. Ranar da iska ta yi daɗi ma ku rubuta, ita ce ke sa a yarda da ku.

Bambanta warin yana da amfani. Na baragurbi iskar da ake kira haidirojin salfaid ce, tana fita idan shara ta ruɓe a binne inda iska ba ta shiga. Ƙaurin roba da leda na ƙonawa ne, laifinsa daban. Akwai kuma iskar mitan, wadda ba ta da wari ko kaɗan amma tana kama wuta, tana cikin abubuwan da ke sa juji ya yi ta cin wuta ta ƙarƙashi mako da makonni. Za ku lura warin ya fi tsanani tsakanin tsakar dare da asuba, domin iska mai sanyi tana kwanciya ƙasa ba ta tashi da shi. Jami'in da aka turo dubawa kuwa da hantsi yake zuwa, ya shaƙa ya ce bai ji komai ba. Sannan iskar damina daga kudu maso yamma take busowa, ta hunturu daga arewa maso gabas. A wurinmu har gardama aka yi a masallaci, mutanen gabas suna kuka da damina, na yamma suna cewa ƙari suke yi. Da hunturu ya shigo sai ga na yamma da littafinsu a hannu.

Hoto da bidiyo ku ɗauka, da lambar tifa idan ta samu, amma waya ɗaya ko biyu za ku keɓe wa aikin. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman a yi bayanin na'urar da hoton ya fito daga gare ta kafin kotu ta karɓa. Hoton da ya zaga WhatsApp sau goma ba wanda zai iya rantsuwa a kansa. Mu mun yi asarar bidiyon gobara mafi kyau da muke da shi, saboda yaron da ya ɗauka ya sayar da wayar.

Ruwa shi ne hujjar da ta fi nauyi, kuma shi muka fi yin sakaci da shi. Baƙin ruwan da ke tsatsowa daga ƙarƙashin shara yana bin ƙasa ya shiga rijiya, musamman gajerun rijiyoyinmu na cikin gida. Ruwa ba ya tsami banza, amma "ya canza ɗanɗano" ba hujja ba ce. Kada ku ɗebo a gorar lemo ku kai. Ku je ɗakin gwaje-gwaje na jami'a ko na hukumar ruwa, ku biya ma'aikacinsu ya zo ya ɗiba da kansa a kwalbarsu, domin shi ne zai tsaya a kotu ya ce daga rijiya kaza na ɗebo. A duba ƙwayoyin cutar da ke zuwa daga bahaya, da sinadarin naitiret, da dalma. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, dalma kuwa 0.01. A gwada da rani, a sake da damina, a haɗa da wata rijiya mai nisa da jujin don kwatanci. In ba haka ba za a ce muku shaddar gidajenku ce ta ɓata ruwan, kuma wani lokacin gaskiya ne. Katin asibitin masu asma da yara masu gudawa ma a adana, sai dai ku sani likita zai faɗi ciwon da ya gani, da wuya ya rantse cewa juji ne sila.

Kafin kotu, a bi ta kan mai unguwa, dagaci da hakimi, a kira duba-gari na ƙaramar hukuma. Sannan a rubuta koke ga kamfanin da hukumar da ke kula da shara ko muhalli a jiharku: REMASAB a Kano, KEPA a Kaduna, AEPB a Abuja. A aika kwafi ga NESREA, hukumar kare muhalli ta tarayya da aka kafa a 2007. Kowace takarda a yi ta biyu, a buga muku tambarin karɓa a kan taku. A cikin wasiƙar ku nemi ganin izinin wurin da rahoton nazarin illa ga muhalli, domin dokar 1992 ta wajabta wannan nazari kafin a kafa wurin binne sharar gari. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Idan aka yi shiru, shirun ma a jaka za ku sa shi.

Samari za su ce a tare hanya, a fasa gilashin tifa. Ku taka musu birki tun wuri. Ranar da aka yi haka kun tashi daga masu ƙara kun koma waɗanda ake nema wa beli. 'Yan baban bola kuma kada ku mai da su abokan gaba. Kamfani zai ɗora musu laifin kowace gobara, alhali su suka san tifar da ke zuwa da dare da sharar asibiti.

In ta kai ga kotu, yawanci babbar kotun jiha ce, kuma ginshiƙin ƙarar shi ne maƙwabci ya hana ka jin daɗin gidanka fiye da abin da mai hankali zai jure. Mu da muka tashi da hadisin "la darara wa la dirara" (ba cuta ba cutarwa) ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Waɗanda za a sa sunansu su kasance masu gida ko 'yan haya masu takarda, sauran su sa hannu cewa sun wakilta su. A da, idan cutar ta shafi jama'a baki ɗaya sai da yardar Antoni-Janar ake shigar da ƙara. Kotun Ƙoli ta kawar da wannan a 1991, a shari'ar Adediran da kamfanin Interland Transport, inda mazauna rukunin gidajen Ire-Akari a Legas suka kai ƙarar masu tirelolin da suka addabe su. Duk da haka, mai neman diyya sai ya nuna asarar da ta same shi shi kansa: rijiyar da ya rufe, ɗan hayar da ya tashi, kuɗin ruwan 'yan garuwa.

Masu kamfanin za su ce kun zo kun tarar da su. Dokar da muka gada daga Ingila ba ta karɓar wannan a matsayin kariya, ko da yake alƙali yana duba yanayin unguwar. Abin da ya fi haɗari shi ne lokaci. Idan akwai hukumar gwamnati cikin waɗanda ake ƙara, dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar. Akwai sassauci idan cutarwar tana ci gaba, amma kada ku jingina da shi. Hukumomi da yawa kuma dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu. Shari'u masu gaskiya sun mutu a kan wannan tun ba a ambaci wari ba.

Wani ɗalibin lauya a unguwar ya dage mu kafa ƙarar a kan sashe na 20 na kundin tsarin mulki, mai cewa gwamnati ta kare muhalli. Baristanmu ya ce wannan sashe yana babi na biyu, wanda kotu ba ta tilastawa shi kaɗai, sai an haɗa da haƙƙin rayuwa na sashe na 33 da sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam. Da irin wannan Jonah Gbemre ya yi nasara a kan Shell a Babbar Kotun Tarayya da ke Benin a 2005, kan ƙona iskar gas a garinsu Iwherekan. Hukunci ya fito, wutar ba ta mutu ba. Na riƙe wannan a raina duk tsawon shari'armu.

Shi ya sa nake cewa ku nemi abin da za a iya gani da ido. "A rufe jujin" yana da daɗin faɗa, amma alƙali ya san sharar gari sai ta je wani wuri. Ku nemi umarnin a daina ƙonawa, a riƙa turbuɗe sharar da ƙasa kullum (a Amurka ƙa'idar inci 6 ce a ƙarshen kowace rana), a yi katanga, a haƙa magudanar baƙin ruwan, a hana sharar asibiti da ta kwata, a sa ranar tashi. Shari'a mace ce da ciki, ga ɗage zama, ga kuɗin mota, ga karo-karon da ke raguwa duk wata. Mu a zama na tara lauyan kamfanin ya ga littattafanmu shida da sakamakon ruwa biyu, ya ja baristanmu gefe. Aka yi sulhu, muka ƙi yarda da na baki, aka rubuta sharuɗɗan aka kai wa alƙali ya mai da su hukunci, yadda saɓa su zai zama raina kotu.

Kamfanin ya haƙa mana burtsatse biyu, katafilar turbuɗe shara tana zuwa, ko da yake ba kullum ba kamar yadda aka rubuta. Diyyar kuɗi ba mu samu ko kwabo ba, wasu har yau suna ganin mun yi arha. Littafina na yanzu shi ne na goma sha ɗaya. Makon jiya na rubuta cewa katafilar ta kwana huɗu ba ta zo ba, na kai kwafin shafin ofishin barista ranar Litinin.