Yadda ake mayar da ruwan jiki lokacin gudawa idan cikinka ba ya riƙe abu

Na sha ganin mai gudawa ya haɗa ruwan gishiri da sukari, ya ɗaga kofi ya kwankwaɗe saboda ƙishi, minti biyar bai cika ba ruwan ya dawo. Daga nan sai ya ture sauran gefe ya ce ai bai karɓe shi ba. Ni ma na taɓa yin haka, na kwana ina murɗar ciki ina zargin haɗin, alhali laifin gaggawata ne. Don haka a kan shan zan fi tsayawa, amma sai an haɗa kafin a sha.

Idan za ka iya samun fakitin ORS, wato garin haɗin gishiri da sukari da aka riga aka auna, shi za ka ɗauka. Ba shi da tsada, kuma yana da abin da haɗin gida ba shi da shi. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi tun 2002 ya ƙunshi gishiri giram 2.6, gulukos (wani nau'in sukari) giram 13.5, sinadarin potasiyam giram 1.5 da sitiret giram 2.9 a kowace lita. Potasiyam ɗin nan yana zuba tare da zawo, kuma raguwarsa na cikin abin da ke sa gaɓoɓi su mutu. Ka karanta bayan fakitin kafin ka yaga, domin wani na lita ɗaya ne, wani na ƙasa da haka. Ka juye shi duka a cikin adadin ruwan da aka rubuta. Kada ka ce za ka ɗebi rabi ka haɗa kofi guda don yin tattali, ido ba ya raba garin daidai.

In babu fakiti: lita 1 ta ruwa mai tsabta, wanda aka tafasa ya huce, sukari cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin shayi. Kowane cokali a shafe bakinsa, ban da tozo. Ka juya har ya narke sannan ka ɗanɗana. In ya fi hawaye gishiri, zubar ka sake sabo. A nan ba a kintace da hannu yadda ake yi wa miya, domin gishiri mai yawa haɗari ne, musamman ga ƙaramin yaro, sukari mai yawa kuma yana janyo ruwa zuwa cikin hanji ya ƙara zawon.

Wasu na cire sukarin wai don kada ya tayar musu da zuciya. Kuskure ne babba. A bangon ƙaramin hanji akwai wata ƙofa da ba ta shigar da gishiri sai tare da gulukos, idan sun shiga ruwa ya bi bayansu, kuma wannan ƙofar tana ci gaba da aiki ko a cikin kwalara. Da wannan dabarar likita Dilip Mahalanabis ya ceci ɗimbin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash a 1971, lokacin da ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya ta jijiya ya ƙare musu a sansani. Ruwa zalla yana kashe ƙishi, amma ba ya mayar da gishirin da ya tafi.

Yanzu shan. Ajiye kofin, ɗauko cokalin shayi, ka sa agogo a gabanka. Cokali ɗaya kowane minti ɗaya, in zuciya na tashi kowane minti biyu. Za ka ga kamar wasa ne, ni ma da farko raina shi na yi. To yi lissafi: cokalin shayi mililita 5 ne, sau 60 ya zama 300 a awa guda, cikin awa huɗu ka wuce lita. Wanda ya ɗaɗɗaki kofi biyu ya amayar kuwa bai samu komai ba, ya ma ƙara asarar abin da ke cikinsa. Ciki mai laushi ba ya son a buɗa shi farat ɗaya, da zarar ya cika da sauri sai ya mayar. Ɗan kaɗan kuwa yana wucewa hanji tun kafin ciki ya farga.

Idan duk da haka ka yi amai, kada ka fasa. Dakata minti 10, kurkure baki, ka koma da cokali ɗaya kowane minti biyu zuwa uku. Ba duk abin da ka sha ne ke fitowa ba, wani abu ya riga ya wuce. Sai ka yi kamar awa ɗaya babu amai sannan ka koma babban cokali, bayansa kurɓi ƙanana daga kofi. Wurin da mutane suka fi faɗuwa shi ne daidai lokacin da suka ji ɗan sauƙi: ƙishi ya taso, sun ga cokali ya zauna, sai su ɗaga kofin gaba ɗaya, a koma gidan jiya. Ka zauna a jingine, kada ka sha a kwance. Ni dai ruwan in ya ɗan yi sanyi ya fi zama mini, ɗumi-ɗumi tayar mini da zuciya yake, mai ƙanƙara kuma murɗa ciki, don haka sanyi kaɗan nake cewa kowa ya yi. Mai ɗanɗanon lemo ma ba na so, ƙamshin kansa kan jawo amai.

Bayan kowane zagaye na bayan gida a mayar da abin da ya fita. Yaro ɗan ƙasa da shekara 2 mililita 50 zuwa 100, daga shekara 2 zuwa 10 mililita 100 zuwa 200, babba gwargwadon abin da zai iya, amma a kurɓa. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Haɗin da ya kai awa 24 a zubar a yi sabo. Fitsari ne ma'auninka: in yana zuwa kuma kalarsa na washewa, kana kan hanya.

Lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace na kwali sukarinsu ya yi yawa, gishirinsu bai taka kara ya karya ba. Abin shan 'yan wasa ma bai kai ORS ba, ga shi ya fi tsada. Gahawa a bar ta tukuna. Madara kan dami wasu na 'yan kwanaki bayan gudawa, in ka ji tana kumbura ka dakata. Abinci kuwa kada ka yi wa kanka horon yunwa, da amai ya lafa ka ci kaɗan-kaɗan, shinkafa mai laushi, ayaba saboda potasiyam, ban da maiƙo da yaji. Yara a ba su ƙwayar zink miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, jariri ɗan ƙasa da wata 6 miligiram 10. Maganin tsayar da zawo ba na yara ba ne, kuma ba a shan sa in akwai jini ko zazzaɓi.

Cokali yana da iyaka. Jini a bayan gida, zazzaɓi mai zafi, awa 8 babu fitsari, idanu sun faɗa, jiri in an miƙe, yaro ya yi laƙwas ko ya ƙi sha, maɗigar jariri ta loɓa, ko cokalin ma ya ƙi zama: a tafi asibiti, ana ci gaba da ba da ruwan a hanya in mutum na iya haɗiyewa. Jarirai, tsofaffi, masu ciki da masu ciwon ƙoda, zuciya ko suga su nemi likita tun ranar farko.