Yadda za ka kalli dabbobi da yanayin gaɓa a madatsar Dadin Kowa

Madatsar tana kan kogin Gongola, gabas da garin Gombe a kan hanyar Biu, cikin ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba.

1. Yi sammako, ka isa da hantsi bai ɗaga ba. Riƙe ruwan sha, ɗan littafi da biro, ka sa takalmi mai kama ƙasa.

2. Fara da gaida masunta: "Sannunku da aiki, Baba, ina dorina ta kwana?" Wannan tambayar ta fi komai muhimmanci a wurina. Dorina tana fita kiwo da dare, ta koma ruwa da asuba. In ka ga sawunta mai yatsu huɗu a laka, da kashinta watse kan ciyawa, hanyarta ce. Kada ka taɓa shiga tsakaninta da ruwa, balle mai ɗa.

3. Dubi duwatsun gaɓa. Tabon da ruwa ya bari a jikinsu zai nuna maka iyakar cikarsa da damina, da yadda ya ja baya a rani. Dutse mai gansakuka santsi gare shi, kauce masa.

4. Zauna shiru rabin awa, rana a bayanka. Zalɓe zai tsaya cik yana dakon kifi, balbela na bin shanu, guza kuma yakan hau dutse shan hantsi.

5. Kada ka tsoma ƙafa inda ruwa ya kwanta. Ƙananan katantanwa na ɗauke da tsutsar tsargiya.

6. Rubuta kwanan wata, lokaci da abin da ka gani, ka kwashe ledojinka.