Kafin ku je cin sanwicin kaza mai yaji

'Yan uwa, masu zuwa gidajen abincin wucin gadi da ake kafawa a Lekki da Ikeja ranakun Asabar, ga shawara. Ku fara tambaya: wa ya yanka kazar, kuma da wane mai aka soya? Wasu na soya naman alade a kasko ɗaya, wasu ma na zuba giya a kwaɓin fulawa. Ku ce a sa miyar yajin a gefe, don attaruhunsu ba irin yajin tsire ba ne. In baki ya kama wuta, yogot ko madara za ku sha, ruwa ba ya kashe shi. A ci nan take. Kafin ku kai Agege cikin cunkoso burodin ya jiƙe.