Yadda Ake Kwance Gidan Harsashin Bindigar Eyasof a Tsabtace Shi

Bindigar wasa ta eyasof, wadda aka fara ƙerawa a Japan a shekarun 1970, tana harba ƙwayoyin roba masu faɗin milimita 6, kuma yawancin matsalar da mai ita zai gamu da ita a Sakkwato daga gidan harsashi take farawa, wato abin da 'yan wasa ke kira magazin. Idan hunturu ya kankama daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura mai laushi kamar gari tana shiga ta bakin magazin ta kwanta a hanyar da ƙwayoyin ke bi, sai mutum ya ja kunama ya ji ƙara amma babu abin da ya fita. Mutane da yawa sukan ɗura mai a ciki da zaton sun yi gyara, alhali kuwa mai da ƙura idan suka haɗu laka suke zama.

Kafin a taɓa komai, a shimfiɗa farin ƙyalle a cikin babban faranti, a rufe taga, a kashe fanka. Ana bukatar ƙaramin sukudireba, tsohon buroshin haƙori, auduga, sifirit, siririyar waya mai lanƙwasuwa da man silikon. Kananzir, baƙin mai da basilin duk daga man fetur aka samo su, suna kumbura roba su lalata ta, don haka ba su da gurbi a wannan aiki. A sa tabarau mai kare ido, domin sifirin da ke ciki, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfen da ke tura ƙwayoyi, a matse yake kuma ba ya sallama idan zai fito.

Magazin mai sifirin, wanda yakan ɗauki ƙwaya 120 ko sama da haka kaɗan, shi ne ya fi bukatar kulawa. Da farko a danna ɗan makullin da ke bakinsa a zazzage ƙwayoyin gaba ɗaya a cikin kwano. Daga nan a duba gindinsa: wasu da sukuru ɗaya aka ɗaure su, wasu kuma murfin zamewa yake yi idan aka tura shi gefe. Idan an cire, sai ainihin jikin robar ya zaro daga cikin kwanson waje. A nan ne nake ba da shawarar a ɗauki hoto da waya kafin a ci gaba, saboda ƙananan sassan suna da kama da juna, kuma wanda ya dogara da ƙwaƙwalwarsa yakan ƙare da guntu ɗaya a hannu bai san mazauninsa ba.

Sifirin dogo ne ƙwarai, ya ninka tsawon magazin, kuma wani ɗan murfi ne ke tare shi. A ɗora babban yatsa a kan murfin, a sassauta shi a hankali, a bar sifirin ya fito kaɗan-kaɗan cikin tafin hannu. Kada a ja shi don miƙar da shi, domin sifirin da aka ja ba ya komawa yadda yake. A bayansa ɗan abin turi zai fito, wanda shi ke ingiza ƙwayoyin sama. A lura da ɓangaren da yake fuskanta.

Sharar hanyar ƙwaya ita ce zuciyar aikin. A naɗe 'yar auduga a kan wayar, a jiƙa ta da sifirit kaɗan, a zura ta cikin hanyar tun daga farko har ƙarshe, musamman wurin da ta yi kwana, domin can ƙura da ɓarɓashin fasassun ƙwayoyi suke taruwa. A riƙa sauya audugar har sai ta fito fara. Idan jikin irin wanda ke rabewa biyu ne, aikin ya fi sauƙi, buroshi ma ya isa. A goge sifirin da ƙyalle, idan akwai tsatsa daga damina a murje ta, sannan a bar komai ya bushe a inuwa. A wasu ƙasashe akan fesa silikon kaɗan a cikin hanyar, amma a ganina a yanayinmu barin ta a bushe ya fi, saboda man yana kama ƙura, yana kuma bin ƙwayoyin har ya shafi robar da ke cikin bututun bindigar wadda ke juya ƙwaya don ta yi nisa, daga nan sai saiti ya ɓaci.

Wajen mayarwa, a fara sa abin turi, sannan a cusa sifirin sannu a hankali ba tare da ya lanƙwashe ba, a rufe. A gwada da ƙwaya 20. Idan aka danna makullin suka fito da ƙarfi a jere, aiki ya yi.

Magazin da ake yi wa wani, wanda ke da 'yar ƙafa a gindi ana murza ta kamar tsohon agogo kuma yana ɗaukar ƙwaya kamar 300, ba ya son bincike da yawa. A zubar da ƙwayoyin ta ƙofar sama, a bar wanin ya warware, a kakkaɓe ƙura da buroshi. Akwatin naɗaɗɗen sifirinsa kuwa a bar shi a rufe.

Magazin mai gas ya fi sauran haɗari. Gas ɗin da ake ɗura masa furofen ne, dangin gas ɗin girki, da aka gauraya da ɗan silikon, yana kama wuta, saboda haka a fita tsakar gida nesa da murhu da gawayi, a fitar da shi duka sannu a hankali kafin a kwance ko sukuru ɗaya. Idan mai amfani da 'yar tukunyar iskar CO2 ce ta giram 12, sai ta ƙare sarai kafin a sassauta murfinta. A nan ne man silikon yake da amfani: ɗigo ɗaya a kan kowane zoben roba da bakin bawul. Zoben da ya tsage ko ya bushe a sauya shi da mai girmansa daidai. Bayan an haɗa, a ɗura gas kaɗan a kara kunne, ko a shafa ruwan sabulu a gindin a ga ko zai yi kumfa. A ajiye shi da ɗan gas a ciki don zobban su zauna a matse, amma kada a bar shi cikin mota a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, domin matsin gas yana hawa tare da zafi.

Ƙwayar da ta faɗi ƙasa kada a mayar da ita, ko da ta yi kyau a ido, yashi ya riga ya karce ta. Bayan kowane wasa a zazzage magazin don sifirin ya huta, a sa shi a leda mai zif. Wajen ɗauka kuma a rufe shi da bindigar cikin jaka, domin daga nesa babu mai bambanta su da na gaske, kuma halin tsaron da ake ciki a jihar bai bar wurin yin dogon bayani a shingen bincike ba.