Kafin ka biya kuɗin jitar lantarki: yadda nake gane shekararta da abin da aka canza mata

Jita mai tsada ta farko da na saya a garin nan na Kaduna Fender Stratocaster ce (Strat a taƙaice), ko in ce haka aka rubuta a kanta. Mai ita ya ce ta Amurka ce, ƙirar 1999, ya juya mini kan jitar, inda maɗauran tsarkiya suke, ya nuna lamba mai farawa da N9. Na kaɗa, sauti ya yi mini, na biya har da la'adar yaron da ya haɗa mu. Bayan wata biyu bolum ya fara ƙarce-ƙarce, na kwance farantin gaba don in gyara, sai na tarar da ƙananan fot, wato gwangwanayen da ke ƙarƙashin bolum, irin na jita mai araha, da wayoyi sirara kamar gashi. Na auna kaurin jikin, milimita 40 ne, alhali na Amurka yana kai 45. Wuyan kam na gaske ne, amma jikin na Squier ne, wato jitar Fender mai araha. Wani ya ɗaura musu aure tun kafin su hau jirgin ruwa zuwa Legas.

Lambar ba ta yi mini ƙarya ba, labarin wuya ta ba ni, ni kuma na ɗauka labarin jita ne gaba ɗaya. A Fender sukuru huɗu ne kawai ke riƙe wuya da jiki, yaro ma zai iya musanya su cikin minti goma. Shi ya sa yanzu sai shaidu uku sun yi baki ɗaya nake sa kuɗi: lambar kai, siffar jitar, da abin da ke cikinta.

Idan zan je duba jita, ko a shago ne a wajejen Ahmadu Bello Way ko a gidan wani a Sabon Tasha, da rana nake zuwa. A jakata akwai sukudireba mai bakin tauraro, tocila, kebul ɗina, da mita irin ta masu gyaran rediyo. Tun a waya nake cewa, "Maigida, zan buɗe ta fa, in ba damuwa." Amsar da ya bayar ita kanta rabin bincike ce.

Fara da lamba. Daga 1976 Fender ta Amurka ta mayar da lambarta zuwa kan jita, can ƙarshen wuya, harafin farko kuma yana nuna zangon shekaru goma: S shekarun 1970, E na 1980, N na 1990, Z na 2000. Adadin da ke bin harafin shi ne shekarar. Daga 2010 sai US da adadi biyu, wato US14 ita ce 2014. Na Meziko MN ne, sai MZ, sannan MX daga 2010. Squier ta Indunusiya za ka ga IC ko ICS, ta Sin kuma sau da yawa CY ko CGS. Amma kada ka rantse da wannan lissafin, domin kamfanin yakan buga tambarin da yawa ya ci gaba da liƙawa har su ƙare. S9 ta kai har 1981, E4 ta bayyana a jitocin 1987, N9 kuwa an liƙa ta a wasu jitocin 1990, ba 1999 kaɗai ba. Tazarar shekara tara ke nan a lamba guda. Fender na da wurin duba lamba a shafinta na intanet. Ka duba, amma ka kula da launi da samfurin da ya fito, don masu jabu lambar gaskiya suke kwafa su buga a jita ɗari.

Sai siffa. Kowane zamani da kamanninsa, kuma nan ne mai ƙarya yake yawan tuntuɓe. Wanda ya ce maka Strat ɗinsa ta ƙarshen shekarun 1970 ce, dole ka ga faffaɗan kai, da sukuru uku a bayan wuya maimakon huɗu, irin yadda aka riƙa yi a yawancin shekarun 1970, cikin zamanin da Fender ke hannun kamfanin CBS, wanda ya mallake ta daga 1965 zuwa 1985. Wadda ta fi yawo a hannun 'yan gwanjo ita ce ta Meziko, to ga abin lura. Tsohon samfurinta, Standard, firet 21 gare ta, wato siraran ƙarafan da aka gicciya a wuya; jakinta, wato ƙarfen da tsarkiyoyi ke hawa kamar na garaya, da sukuru shida aka ɗaure shi. Player da ta gaje ta a 2018 firet 22 ce, jakin kuma a kan turaku biyu yake. Ƙirga firet ba ya cin minti ɗaya. Ka leƙa kuma ramin da ake saita ƙarfen cikin wuya, can kusa da kai: a American Standard katako mai ruwan ƙasa ne ya zagaye shi, a ta Meziko baƙar roba ce.

Shaida ta uku ita ce wadda na fi yarda da ita, ita ce kuma mutane ke jin nauyin nema. Sassauta tsarkiyoyi, kwance sukurun farantin gaba, a yawancin Strat guda 11 ne, ka ɗaga shi a hankali kada ka tsinke wayar da ta tafi soket. Haska bayan fot, wato gwangwanayen da bolum da ton ke murɗawa. Idan na Amurka ne sau da yawa akwai adadi bakwai a jiki. Ukun farko sunan maƙerin ne: 137 CTS, 304 Stackpole, 134 Centralab. Biyu na gaba shekara, biyun ƙarshe mako. Misali 1379812 na nufin CTS, 1998, mako na 12. Wani lokaci dalma kan rufe adadin, sai ka duba na kusa da shi.

Yadda ake karanta wannan shaidar shi ne abin da ya fi ruɗa mutane. Fot na iya girme jita, domin kamfani kan saya ya ajiye. Fender ta sayi tuli a 1966 ta yi shekaru tana sa su. Amma jita ba ta girme fot ɗinta na asali. Idan an ce maka ta 1979 ce ka ga fot na 1994, to ko dai an canza fot ɗin, ko labarin shekarar ne aka canza. Dalma ce za ta raba gardama. Ta kamfani tsaf take, ɗigo ɗaya, ta dushe da tsufa. Ta mai gyara tana ƙyalli, ta yi tudu, kusa da ita kuma sau da yawa robar waya ta ɗan ƙone.

Idan mai jita ya yarda, cire wuyan ma. A gindinsa da cikin ramin da yake zama galibi akwai kwanan wata da aka buga da hatimi ko aka rubuta da fensir. Tazarar 'yan watanni tsakanin wuya da jiki ba komai ba ce. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne ramukan sukuru da aka toshe aka sake huda wasu, ko giɓin da katin waya zai shige tsakanin wuya da jiki.

Jitar kamfanin Gibson kuwa, kada ka ma fara neman cire wuyanta, da gam aka haɗa shi. Lambarta ce mai daɗin karantawa: daga 1977 adadi takwas ne, na farko da na biyar su ne shekara, ukun tsakiyarsu ranar shekara. 91238456 ita ce 1998, rana ta 123, wato 3 ga Mayu. Ka ga ukun nan sun haura 366, ajiye ta. A 2005 an ƙara adadi na tara, daga 2014 zuwa 2019 kuma biyun farko ne ke nuna shekarar samfuri. Jabun Les Paul, samfurin Gibson, ya yi yawa, kuma abu na farko da nake kallo shi ne ƙaramin murfi mai siffar ƙararrawa da ke kai: na Gibson sukuru biyu ne, na Epiphone, wato 'yar'uwarta mai araha, da yawancin jabu uku. Haska bayan wuya daidai inda ya haɗu da kai, wurin nan ne take karyewa idan ta faɗi, kuma fenti mai duhu a nan kaɗai alamar ɗori ce.

Yanzu maganar da ake cin kuɗin mutane da ita: "An sa mata fikof masu tsada." Fikof su ne maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsarkiya suna ɗaukar sauti. Tambarin da ke samansu ba hujja ba ne, murfin roba ne da ake sayarwa daban. Juya su. Masu ƙera fikof irin su Seymour Duncan da DiMarzio suna da sunansu a ƙarfen ƙasa, sau da yawa da alamar samfuri. A siraran fikof na Strat, idan ka ga baƙin maganaɗisu a kwance an manna shi a ƙasa, na seramik ne, irin na jitoci masu sauƙin kuɗi. A na alniko turakun shida su ne maganaɗisun da kansu. Wanda ya ce EMG masu batir ya sa, ya nuna maka inda batir mai bolt 9 yake zaune.

Ko an hana ka buɗewa, mita za ta yi magana. Soka kebul, buɗe bolum har ƙarshe, ɗora bakunan mita a ɗaya kan kebul ɗin, ka bi fikof ɗaya bayan ɗaya. Siririn fikof irin na da yana ba da wajen om dubu 6 (om shi ne ma'aunin da mita ke nunawa), mai tagwayen naɗi irin na tsohuwar Gibson wajen dubu 8, JB na Seymour Duncan kuwa wajen dubu 16. An ce JB ne mita ta nuna dubu 8, magana ta ƙare. Mitar ba za ta ce maka ga sunan kamfani ba, ƙaryata mutum kawai ta iya, kuma hakan ya ishe ni.

Ra'ayina a kan canje-canje, ko da na gaske ne: ba na biyan cikakken kuɗinsu. Mai jitar ya sa su don kunnensa, ba don nawa ba. A jita mai araha, maɗauran tsarkiya masu kyau da fikof nagari ƙari ne, zan ɗan ɗaga tayi. A tsohuwar jita kuwa ragi ne, musamman sabon fenti ko ƙarin huji a kai. Kullum ina tambaya, "Oga, ina na asalin da aka cire?" Wanda ya yi canjin da hannunsa yakan shiga ɗaki ya fito da su a leda. Wanda ya ji labarin daga bakin dillali sai ya fara kame-kame.

Abu ɗaya kada ka ɗora wa mai jita laifinsa. Idan lokacin hunturu ne, bakin firet kan fito ya riƙa kartar hannu, saboda katakon da ya saba da laimar Legas ko ta Turai ya tsuke a bushewar Kaduna. Ɗan aikin zarto ne. Wanda ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne wuyan da ya murɗe: ɗaga jitar kamar mai saita bindiga, ka kalli gefen dama da na hagu daga kai zuwa jiki, in ɗaya ya lanƙwasa ɗaya ya miƙe, mayar masa da kayarsa.

In an yi sallama, a rubuta lambar jitar cikakkiya a rasit, da sunan mai sayarwa da sa hannunsa, ka kuma ɗauki hoton kai da na cikin kafin ka mayar da sukuru. Kayan kiɗa na ɓacewa daga coci-coci da situdiyo a garin nan, kuma ranar da mai ita ya gan ta a kafaɗarka a wurin biki, takardar nan ce za ka nuna.